Karatu da Labarin Ɗan Bida a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Runji

Gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji suna kudancin Nijar, cikin jihar Maraɗi, kuma babbar kwaltar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta ratsa su duka uku. Ta bi ta Gidan Runji da Tsibiri a yammacin birnin Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa a gabas, sannan ta kai Tasawa. Gazawa ba ta zama gunduma ba sai a 2011, da aka cire ta daga Agye. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 900,000 a gundumomin uku, galibinsu Hausawa manoma, tare da Fulani da Buzaye. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya, ga goriba a Gulbin Kaba. Sai dai jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, damina kuma ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Da an kai hatsi rumbu, samari sai su ɗaure kaya su tafi bida. Tarihin karatu a wannan yanki ba ya rabuwa da tarihin wannan tafiya. A cikin kayan matafiyi littafi ya shigo, kuma labarin da ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne na yaron da ya bar gida tun bai mallaki hankalinsa ba, ya zama mutum a hannun baƙi.

Manyan masarautun yankin ma ƴan gudun hijira ne suka kafa su. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa, ta yi yawo tsakanin Damagaram da ƙasar Tasawa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuwa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka sha kashi a Gawakuke a 1836, sannan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, inda fadar Gobir take har yau, cikin gundumar Gidan Runji. Yaran da aka goya a baya cikin waɗannan ƙaurace-ƙaurace sun tashi suna jin labarin biranen da ba su taɓa gani ba. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiran sa. Makaɗan fada da maroƙa su suka riƙe wannan tarihi, kuma abin da suka riƙe ɗin labari ne na mutanen da suka girma a wuri ɗaya alhali kirarinsu na wani wurin ne.

A tsakar gida kuma akwai tatsuniya, wadda ba ta rasa maraya ko auta ko ƴar bora da aka kora daji, ta haɗu da tsohuwa ko dodo, ta ci jarrabawa, ta komo da dukiya. A dandali akwai hirar fatake, waɗanda suka kai kanwa da tufafi Gwanja suka komo da goro bayan watanni masu yawa. Tsarin ɗaya ne a wuraren biyu: fita, wahala, sannan komowa da abin nunawa. Wannan tsari ya rayu har cikin littattafan da aka buga daga baya.

Karatu na farko da yankin ya sani shi ne na allo, kuma shi kansa tafiya ne. Uba yakan damƙa ɗansa ga malami, malami ya tashi da almajiransa bayan kaka zuwa Katsina ko Kano ko Zariya, ko kuma gabas, ƙasar Barno, wadda ta yi suna wajen hadda da kyan rubutu. Yaro ya tafi yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, wani sai ya yi gemu kafin ya sake ganin mahaifiyarsa. Wanda ya sauke ya shiga littattafai yakan bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malami na karanta Larabci yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma. Irin wannan mai karatu ba ya tara littattafai da yawa. Yana da kaɗan cikin gafaka, yana maimaita su shekara da shekaru, da murya, sau da yawa cikin jama'a. Daga nan aka sami ajami, wanda da shi ake rubuta wasiƙa zuwa gida da lissafin bashi da waƙoƙin wa'azi. Ɗabi'ar karatu a bayyane, mutum ɗaya na karantawa goma na saurare, daga makarantar allo ta fito, kuma ita ta karɓi duk wani littafi da ya zo bayanta.

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya iske Gazawa gari ne mai shinge da ke zaune cikin shirin yaƙi, tsakaninsa da Katsina kuma dajin da ayari ba ya ratsawa sai da tsoro. A irin wannan zamani ne mahara suka kama wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wato gabas kaɗan da Gazawa. Aka sayar da shi a Barno. Abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai yaron ya koma hannun Barth. Ya bi shi har Tambutu, ya ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, a 1855 suka isa Ingila tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega.

A Ingila wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da Dorugu yana ba shi labari da Hausa, shi kuma yana rubutawa da baƙaƙen Turawa. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ciki yaro ne ke faɗin yadda aka raba shi da iyayensa, da ƙishirwar hamada, da jirgin ruwa, da yadda Turawa ke zama cin abinci, yana kallon su da idon baƙo mai lura, ba tare da ya raina kansa ba. Idan ana neman labarin farko na ɗan Hausa da ya girma a ƙasar Turawa, wanda aka rubuta da harshensa kuma daga bakinsa, to ga shi nan, kuma mai labarin maƙwabcin wannan yanki ne. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa, da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abin takaici shi ne littafin don Turawa masu koyon Hausa aka buga shi. Masana sun sake fitar da labarin da Ingilishi a 1971, amma bai zama littafin da ake samu a kasuwar ƙauye ko a ajin firamare na ƙasarsu ba, alhali nan ne mazauninsa.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, da aikin shata iyaka da ya biyo bayansu, sun bar Maraɗi da Tsibiri da Gazawa a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila. Tun daga nan wanda ya je ganin kawunsa a Jibiya ko Ɗankama ya zama mai ƙetare ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi da aiki suka koma kudu. Haraji da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946, da ɗibar soja, sun sa gidaje da dama sun tsallaka iyaka da dare. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ta 1931 sun ƙara tura wasu. Lakwal ta zo a makare kuma da ƙaranci, da Faransanci zalla, iyaye na ɓoye ƴaƴansu kada a rubuta su. Har Nijar ta sami ƴanci a 1960 yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ƙofa ta biyu ta karatu, bayan allo, ta buɗe ne a Tsibiri. Ƴan mishan na SIM, waɗanda suka fara zama Damagaram a 1924, sun kafa tasha a Tsibiri a 1927. Galibinsu masu jin Ingilishi ne da suka koyi Hausa a Najeriya, don haka da Hausar boko suka koyar, abin da ya sa hukumar Faransa ta riƙa yi musu kallon zargi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, daga baya kuma aka buɗe makarantar horar da masu bishara a Agye. Kiristocin yankin ba su taɓa yin yawa ba, amma sun zama rukuni na farko na manoma, maza da mata, da ke karanta Hausa da baƙaƙen boko a arewacin iyaka. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta rubuta tarihinsu a littafin da ta fitar a 2006.

Ƙagaggen labari a rubuce daga Zariya ya taso. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasa, aka buga littattafan da suka yi nasara tun daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai Jiki Magayi na John Tafida da East. Kusan dukansu labaran barin gida ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Imam kuma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943. Ba hukuma ce ta kawo waɗannan takardu ƙasar Faransa ba. Ɗan kasuwa ne da direban babbar mota da almajirin da ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci na Najeriya suka shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa.

Shaihu Umar ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne cikakken labarin girma a baƙuwar ƙasa da adabin Hausa ya fara samarwa. Umar yaro ne ɗan Kagara da mahaifinsa ya rasu, makirci ya kori mijin uwarsa Makau daga gari, shi kuma ya faɗa hannun masu cinikin bayi. Wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi daga Kano ya ratsa hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai da wahala ta gama cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya komo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta, kuma daga kan buzunsa na koyarwa yake ba almajiransa labarin. Ƙarfin littafin yana cikin natsuwarsa. Bai zagi wanda ya saye shi ba, bai kuma wanke cinikin bayi ba, ya bar wahalar uwar ta yi magana. Duk wanda aka kai almajirci yana shekara bakwai, ko uwar da ta yi rakiya har bakin gari ta komo ɗaki, ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan labari. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Bayan ƴanci Nijar ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, ana koya wa manya karatu da harshensu, sau da yawa domin manomi ya iya karanta sikeli da takardar awon gyaɗa kada a cuce shi. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara baƙaƙen rubuta harsunan yankin, Nijar ta bi tsarin da ke ninka wasali don nuna tsawonsa, wanda ya sa rubutunta ya bambanta da na Zariya na tsawon shekaru, kafin a daidaita su. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, wasu suka biyo baya. Matsalar da ta dabaibaye wannan aiki tun farko ita ce wanda ya koyi karatu ba ya samun abin karantawa. Ƴan jaridun karkara da ƙasidun noma da kiwon lafiya ba sa riƙe mutum har tsakar dare. Da yawa sun koyi baƙaƙe a rani sun manta su kafin wani ranin.

Ɗan lakwal da ya kai kwaleji kuwa wata duniya ya shiga. Shi ma ɗan ƙaura ne, domin kwalejin tana Maraɗi ko Tasawa ko babban garin gunduma, yana zaune gidan mai masauki, yana cin abin da aka ba shi. A aji ya haɗu da L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, labarin ɗan maƙeri daga Kurusa a Gine wanda karatu ya ɗauke shi mataki-mataki har ya hau jirgin Faransa. Ya haɗu da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, inda Samba Diallo ya tashi daga gaban malamin allo ya ƙare a Faris, ya komo bai san inda zai sa kansa ba. Ga yaron da da asuba yake wanke allo, da hantsi yake gaban mushe, littafin Kane ba labarin Senegal ba ne kawai. Marubutan Nijar ma sun ɗauki zancen. Mahamadou Halilou Sabbo ya fitar da Abboki ou l'appel de la côte a 1978, labarin saurayin da ya bi kiran bakin teku ya komo ba da abin da ya tafi nema ba. Kafin shi Jean Rouch ya yi fina-finai biyu a kan ƴan Nijar masu bida, Moi, un noir na 1958 a Abijan, wanda Oumarou Ganda ya fito a ciki, da Jaguar a kan masu zuwa Gana. Sai dai duk wannan da Faransanci ne, harshen da akasarin masu tafiyar ba su karantawa. An rubuta labarin ɗan bida, ɗan bida kuwa bai gani ba.

Tafiyar kanta ta riƙa sauya alƙibla. Gana ta kori baƙi a ƙarshen 1969. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke jan kowa zuwa Kano da Kaduna da Legas, inda ɗan ƙasar Maraɗi ke ga-ruwa da dako da gadi da sayar da shayi da yankan farce. Najeriya ta kori baƙi a 1983, ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, cikin tsakiyar wata yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa sunan shugaban da ya rufe iyakar. Daga baya hanya ta miƙe zuwa Agadas da Libiya da Aljeriya. A ɓangaren Hausa, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na 1978, ya ɗauki saurayin ƙauye da birni ya ruɗa, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, ya shiga duniyar fasa-ƙwauri, wadda mutanen bakin iyaka suka sani ciki da bai. Duka biyun gargaɗi ne: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gargaɗin bai hana kowa tafiya ba, domin wanda rumbunsa ya ƙare a watan biyar ba sha'awar birni ce ke fitar da shi ba, kuma a nan ne waɗannan littattafai suka gaza. Sun ga laifin yaron, ba su tsaya a kan gonar da ta kasa ciyar da shi ba.

Abin da ya mai da karatun nishaɗi ɗabi'ar gida-gida shi ne littattafan da aka fara bugawa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, jama'a kuma ke ce musu littattafan soyayya. Marubuci ne ke buga abinsa da kuɗinsa, a takarda mai araha, kashi-kashi, na ɗaya ya tsaya a inda dole a nemi na biyu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, haka ma littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Sun shigo jihar Maraɗi ta hanyar da atamfa da kaset suka bi, suka sauka a teburan masu sayar da littattafan addini a bakin tasha da ranar kasuwa. Ba kowa ke saye ba. Ana haya, ana aro, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. Yarinyar da ta yi aji huɗu ko biyar a lakwal kafin a cire ta, wadda Faransancinta bai isa karanta littafi ba, sai ta ga baƙaƙen da ta koya suna buɗe mata Hausa ba tare da wani ya koya mata ba. Ita ce ke karanta wa sauran matan gida bayan sallar isha'i. Makarantun Islamiyya na matan aure, da suka yaɗu a yankin tun shekarun 1990, sun ƙara yawan masu iya bin rubutu.

An sha sukar waɗannan littattafai da ɓata tarbiyya, har hukuma ta ƙona wasu a Kano a 2007. Masu sukar ba su cika lura da dalilin da ya sa mata suka rungume su ba. A jihar da aurar da yarinya kafin ta kai shekara 18 ya zama ruwan dare, kai amarya shi ne ƙaurar ɗiya mace. Ana ɗauke ta daga ɗakin uwarta zuwa gidan da ba ta san dokokinsa ba, wani lokaci a wani gari ko a ƙetaren iyaka, ta iske uwar miji da kishiya da faccaloli, ta koyi zama da su, ta girma a cikinsu. Labarin girma a baƙon wuri ke nan ba ragi, kuma marubuta matan Kano sun rubuta shi sau ɗaruruwa. A nan, ba a labaran samari ba, adabin Hausa ya fi zurfafa binciken abin da baƙunci ke yi wa zuciyar yaro.

A sauran duniya labarin ɗan baƙi da ya tashi a wata ƙasa ya zama babban reshe na adabi. Fatou Diome ta Senegal ta fitar da Le Ventre de l'Atlantique a 2003, inda ƴar'uwa da ke Faransa ke ƙoƙarin nuna wa ƙaninta cewa Turai ba yadda yake mafarki take ba. Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie da We Need New Names na NoViolet Bulawayo sun fito a 2013, duka a kan ƴan mata da suka ƙarasa girma a Amurka. Mafi kusa da gida shi ne Mohammed Naseehu Ali, Bahaushen zangon Kumasi da ke zaune a Amurka, wanda tarin labaransa The Prophet of Zongo Street, na 2005, ya raba ƙafa tsakanin zango da birnin New York. Born on a Tuesday na Elnathan John kuma almajiri ya bi a ƙasar Sakkwato.

Akwai bambanci na asali tsakanin yawancin waɗannan da labarin da ake bayarwa a Agye ko Gidan Runji. A littafin Amurka ko Faransa iyali ne ke tashi gaba ɗaya, ko yarinya ta tafi ba da niyyar komowa ba. Harshe na sauyawa, launin fata ya zama magana, tambayar da ke cin jarumin ita ce shi wane ne. Ɗan bida kuwa shi kaɗai yake tafiya, ya sauka a zango ko a hannun ɗan garinsu, ya iske Hausa da masallaci da tuwo suna jiran sa ko a Legas ko a Abijan ko a Sabha. Ba a cika tambayar sa ko shi wane ne ba, an san ɗan gidan wane ne. Abin da ake jira a gani shi ne da me zai komo kafin ruwan shuka: kuɗin haraji, buhun hatsi, kayan aure, ko babur. Baƙuncinsa yana cikin takardar da ba shi da ita a shingen jami'ai, da canjin sefa da naira, da sunan raini da ake kiran sa da shi a birni, da kunyar komowa hannu wofi, wadda ke sa wasu su yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu. Wannan kunya babban jigo ne da rubutaccen adabi bai ba shi haƙƙinsa ba. Ga kuma rukunin da labarin waje ya fi dacewa da su: jikokin alhazan da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a Sudan, da ƴaƴan zangunan Gana da Kwaddibuwa, waɗanda ke kiran wani ƙauyen Gobir ko Katsina garinsu alhali ba su taɓa shan ruwansa ba.

Wayar salula ta sake sauya yadda ake karatu. Littattafan Kano na takarda sun ja baya, marubuta sun koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu a biya kuɗi kafin a shiga rukunin. Ana karanta littattafan da murya a sa a YouTube, mai cajin waya a kasuwa ya tura wa mutum su cikin katin waya tare da wa'azi da waƙoƙi da fina-finai. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana iya sauraren littafi mai kashi goma tana surfe. Ta wannan fuska an koma tsarin farko, ɗaya na karantawa jama'a na saurare, illa dai mai karatun yanzu yana Kano ko Kaduna. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta buɗe wa gajeren labari ƙofa a duk inda ake jin Hausa, har da Nijar. Wasiƙar ajami da ɗan bida kan aiko a hannun direba ta zama saƙon murya, kuma a cikin irin waɗannan saƙonni ne mafi yawan labaran Libiya da Aljeriya suke a yau.

Tun daga 2019 alƙiblar ƙaura ta juyo. Hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koro dubban mutane, galibi mata da yara, zuwa ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Runji. Hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar sun matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, inda suke zaune tare da ƴan gari. Da yawansu Gobirawa ne da Katsinawa, dangin waɗanda suka karɓe su, sun biyo kusan hanyar da kakanni suka bi shekaru 200 da suka wuce. Yaransu suna shiga ajin da ake koyarwa da Faransanci, bayan wasunsu sun fara da Ingilishi a gida, Hausa ce kaɗai ta haɗa su da abokan zamansu. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kamfanonin ɗab'i na Yamai irin su Albasa da Gashingo sun riga sun buga littattafan Hausa da rubutun Nijar, mafi yawansu na makaranta da na yara, jami'ar Maraɗi kuma, wadda aka kafa a 2010, tana karɓar ɗalibai daga gundumomin uku.